Yadda na tsinci kaina a aikin tace dagwalon kamfanin fata bayan na gama digiri

Ni dai ba Maikirobayoloji na nema ba, likitanci na cike a JAMB kamar kusan duk wanda ya fito daga ajin kimiyya, da sunaye suka fito sai na ga an wurga ni can, Abba yace in karɓa in gode wa Allah tunda wasu ko gurbin ma ba su samu ba. Haka na yi karatuna a BUK har na gama, a gida kuwa tun ina aji ɗaya Umma ta laƙaba min "likita", ko ƙanina ne ya kwana da zazzaɓi ni ake tasowa a tambaya wane magani za a sayo, ni kuma da ko allura ban iya ba sai in yi ta kame-kame. Mu a lissafinmu da mun gama asibiti za mu shige mu saka farar riga mu riƙa gwajin jini da fitsari, sai da muka kusa fita muka fahimci ashe aikin da masu shi, waɗanda suka karanci gwaje-gwajen asibiti suke riƙe da lasisinsu, kai da ka karanci ƙananan halittu zalla sai dai ka leƙa ta taga.

A jihar Nasarawa na yi bautar ƙasa, koyarwa, na dawo Kano na ci gaba da koyarwar a wata makarantar kuɗi, ni ne malamin Bayoloji ni ne na Kemistiri wani lokacin har da Lissafi in malaminsu ya gudu, albashin kuma kafin wata ya raba ya ƙare. Da yamma in zauna wa wani abokina a shagon POS. Ba sai na ja wannan ba, duk wanda ya yi digirin kimiyya a ƙasar nan ya san karatun.

Kawuna, wan Umma, dillalin fata ne tun muna yara, yana bin kasuwanni irin su Wudil da Maigatari yana tara fatun awaki da tumaki, a barbaɗe su da gishiri a ɗaure a kai wa kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa. Wata rana bayan babbar sallah, lokacin fatun layya sun cika gari, ya zo gaida Umma ya same ni a soro ina duba takardun jarrabawar yara, yace "kai wai har yanzu kana nan kana shaƙar alli? Akwai kamfanin da nake kai wa kaya, yaron da ke musu awon ruwa ya tafi, suna neman mai boko irin naku." Nace Kawu awon ruwa kamar yaya, ruwan sha? Ya kwashe da dariya yace in na je na gani.

Wanda bai taɓa bin hanyar Panshekara ya shiga rukunin masana'antun Challawa ba ba zai gane ba, tun daga titi warin yake tarbarka, ruɓaɓɓen ƙwai ne da mushe da wani abu mai yaji-yaji da ke shaƙe maƙogwaro duk a haɗe. Ni na ci guga na rungumo fayil ɗin takarduna, injiniyan da ya yi min intabiyu ko buɗe shi bai yi ba, ya tambaye ni mene ne pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, mene ne bambancin BOD da COD, gwaje-gwaje biyu na auna yawan dattin da ke cikin ruwa, na taɓa riƙe kwalbar awo da hannuna ko a allo kawai na gani, sannan yace in biyo shi. Bayan kamfanin muka zaga ya tsayar da ni a kan wata siririyar gadar ƙarfe, ƙarƙashinmu wani ƙaton tanki cike da baƙin ruwa yana ta ɓulɓula, ya juya ya kama hira da wani ma'aikaci ya ƙyale ni a tsaye. Ashe ainihin intabiyun kenan, so yake ya ga zan yi amai ko zan nemi hanyar gida. Na dai cije, amma ranar ko tuwon dare ban iya ci ba.

Bari in ɗan faɗi inda ruwan yake fitowa, don mutane in an ce jima majemanmu na gargajiya suke tunawa irin na Ƙofar Wambai masu aiki da toka da bagaruwa. Ta kamfani daban ce. Fata in ta zo da gishirinta sai a zuba ta a wasu manyan ganguna masu juyawa a jiƙa a wanke gishirin da jini da ƙazanta, ruwan farko kenan. Sai a zuba mata laim, wani farin gari mai kaifi, da sinadarin salfaid gashin ya narke ya zube, wannan shi ne mai warin ƙwai, pH ɗinsa har 12 yake kaiwa. Daga nan a zare laim ɗin a tsoma fatar a asid da gishiri sannan a jeme ta da kurom, wani sinadari dangin ƙarfe, ta fito shuɗiya-shuɗiya a jiƙe, ita ce 'yan harkar ke ce wa wet bulu, wadda in an ƙarasa gyara ta ake lodawa a kwantena a yi Italiya da Sifen da Sin da ita. To fata ba ta shanye kurom ɗin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku a ruwa yake zama ya biyo kwata. Ga jima da shan ruwa, tan ɗaya na ɗanyar fata yakan lashe lita dubu 30 zuwa dubu 40 kafin a gama da shi, kuma duk wannan ruwan wajenmu yake gangarowa, mu 'yan bayan gida kamar yadda sauran ma'aikata ke tsokanarmu.

Wanda ya koya min aikin da gaske wani dattijo ne da kowa ke ce wa Baba, ko firamare bai ƙarasa ba amma gashin kansa a kan tankokin nan ya yi fari. Shi kuma har yau "ɗan boko" yake ce min. Abu na farko da ya gaya min, yace "ɗan boko, kwata biyu ce a gidan nan da ba sa ga maciji, ta ruwan gashi da ta ruwan kurom, duk ranar da ka bari suka haɗu a rami ɗaya to ka tanadi likkafani." Abin da yake nufi mun rubuta shi a jarrabawa mun wuce, in asid ya haɗu da salfaid iskar haidurojin salfaid ce take tashi, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi shi ya sa take kwanciya a cikin ramuka, kuma mugun halinta shi ne in kaɗan ce za ka ji warin ƙwai ka kauce, in ta yi yawa hancin take fara kashewa, ka ji kamar ma wajen ya yi daɗi, sai faɗuwa. Ban daɗe da fara aiki ba na ga abin da idona. Famfon wani rami ya toshe da gashi da kitse, wani yaro lebura mai son a yaba masa ya kama tsani ya sauka kafin a hura wa ramin iska, ko ƙasa bai gama kaiwa ba muka ga ya saki tsanin ya sulale. Abokansa biyu suka yi kukan kura za su bi shi, Baba ya tare bakin ramin da jikinsa yana zaginsu yana cewa duk wanda ya shiga gawa uku za a fitar ba ɗaya ba. Allah Ya taimaka akwai igiya a ƙugun yaron, don wannan dokar Baba ce ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta, da ita aka jawo shi aka shimfiɗe a fili aka yi asibiti da shi, ya farfaɗo. Ni kuwa gwiwoyina rawa suka yi ta yi har la'asar. Bayan nan ne aka sayo mana 'yar na'urar nan da ake ratayawa a ƙirji mai ƙara in ta ji iskar, wadda an daɗe ana rubutawa a kawo ba a kawo ba.

Tsarin aikin kansa ba wani sihiri ba ne. Ruwan gashi a tace shi da raga a cire tarkace, a yi ta hura masa iska da ɗan sinadarin manganis har salfaid ɗin ya mutu. Ruwan kurom a nasa tankin a zuba laim a ɗaga pH zuwa tsakanin 8 da 9, kurom ɗin ya kwanta a ƙasa ya zama wata laka kore-kore mai shuɗi. Sai a haɗa ragowar a babban tanki ana juyawa don ƙarfinsa ya daidaita, a sa alimun, eh wanda dai mata ke jefawa a ruwan rijiya in ya yi jawur da damina, dattin ya dunƙule ya nutse. Kullum da safe ni nake jera kofunan gilashi shida in zuba alimun ɗin daban-daban in ga wanne ya fi kwantar da ruwan, don ruwan yau ba irin na jiya ba ne, ya danganta da abin da 'yan ganga suka sako.

Inda karatuna ya yi rana shi ne tanki na gaba, wannan da aka tsayar da ni a kansa ranar farko. Cike yake da bakteriya, biliyoyi, su ne suke cinye narkakken dattin da alimun ba ya iya kamawa, namu kawai mu ba su iska mu kula da su. Wani abokina ya tambaye ni wai takamaimai me nake yi a wajen aiki nace masa kiwo, ya zaci wasa nake, alhali kuwa kiwon ne, sai ka san yawan abincin da ya shigo da yawan bakunan da za su ci, in sun yi yawa ka rage in sun yi kaɗan ka dawo da su daga tankin gaba inda suke kwanciya, in an sako musu guba su yi ciwo su mutu. Tsarin ya haura shekara 100, a Manchester ta Ingila aka ƙirƙiro shi a 1914, da na gaya wa yaran wajenmu 'yan Man U sai suka ce ai dama komai mai kyau daga can yake fitowa. Iskar da ke narke a ruwan so ake ta tsaya wajen miligiram 2 a kowace lita, in ta sauka ƙasa sosai tankin ya fara baƙi yana wari, in ta yi yawa kuma man gas kake ƙonawa a banza.

Gwajin da na fi so shi ne mafi arha a cikinsu. Ka ɗebo ruwan tankin a doguwar silinda mai cin lita ɗaya ka ajiye a inuwa ka duba agogo minti 30. In lafiya lau ne za ka ga lakar ta dunƙule ƙulli-ƙulli ruwan ƙasa-ƙasa tana sauka a hankali, sama ya bar ruwa garau, ƙamshinta kuma irin na jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ta ƙi sauka ta tsaya fal silindar to akwai magana. Sai in ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi in saka a maikiroskof, akwai wasu halittu masu siffar ƙararrawa da doguwar jijiya da suke maƙale a jikin lakar suna kaɗa gashin bakinsu suna jan abinci, in ka taɓa teburin su tsuke fit su sake miƙewa, Botisela muke ce musu a makaranta, in ka gan su da yawa to tankin yana cikin ƙoshin lafiya. In kuma ka ga zare-zare sun cika ko'ina to su ne suka hana lakar kwanciya, iska ta yi kaɗan ko salfaid ya sato hanya ya shigo. Shi Baba duk wannan da ido da hanci yake ganewa, ya tsaya kan gada ya kalli kalar kumfa ya ja numfashi yace "ɗan boko yau 'ya'yanka ba su ji daɗi ba", in je in auna in tarar haka ne. Ranar da na lallaɓa shi ya kanga idonsa a maikiroskof ɗin ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago cewa ya yi "Subhanallahi, ashe duk shekarun nan waɗannan nake yi wa bauta." Daga ranar duk baƙon da ya zo shi yake jansa ɗakin gwaji yace a nuna masa.

Babban abokin gabarmu ɗauke wuta ne. Injin hura iska in ya tsaya na wasu awanni tankin ya fara lalacewa, in ya kwana to sai dai haƙuri, kuma ba abu ne da za ka kunna gobe ya dawo daidai ba, sai ka yi makonni kana lallashi, wani lokacin har sai mun aika tanka ta ɗebo mana laka mai rai daga wani kamfanin lemo mu zuba a matsayin iri. Kuma in man gas ya yi tsada aka zo rabon wutar janareta kowa ya san wa ake fara yankewa, ganguna kuɗi suke kawowa mu kuwa ci muke. Ko gwajin BOD ma bai tsira ba, shi ƙa'idarsa kwalba ta kwana 5 a duhu a sanyin digiri 20 daidai, to a Kano a watan Afrilu da zafi ke haura 40 inkubeta ɗin firji ce ba wani abu ba, in wuta ta ɗauke a kwana na uku aikin ya tashi a banza sai ka sake daga farko. Shi ya sa muka fi dogara da COD, a dafa samfur awa 2 a zafin digiri 150 ka samu amsa a ranar. Abin dariyar shi ne maganin da ake gwajin da shi ma kurom ne, kuma mugun, mai lamba shida da ke jawo ciwon daji, ba mai lamba uku da ake jima da shi ba, don haka kwalaben da muka gama da su ma sai mun tara a jarka daban, ba a tuttular da su a kwata.

Yanzu bari in zo inda gizo ke saƙar, don in na tsallake shi ban faɗi gaskiya ba. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masana'antun da injin tace ruwansu sai an ji jami'ai na tafe ake kunna shi, akwai kuma bawul ɗin da ake buɗewa da tsakar dare musamman in ana ruwan sama, a ce ai ruwa zai tafi da shi. Doka kam akwai ta, tun bayan da aka jibge gubar da aka kwaso daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA, a 2007 kuma aka kafa NESREA wadda jami'anta ke zuwa su ɗebi samfur su duba rahotonmu. Amma jami'i ba zai kwana a bakin kwatarka ba, wanda ke wajen dare da rana mu ne. Akwai watan da tanki ya lalace ga rahoto ya zo, wani daga cikin manya ya kira ni ofis ya ba ni lemo mai sanyi yace "Malam, wannan lambar ba ta yi kyau a ido ba, ka ɗan duba ta mana." Na gane hannunka mai sanda. Nace "ranka ya daɗe in sun ɗebi nasu suka auna ya saɓa da namu, sa hannuna ne a ƙasan takardar, kuma sunan kamfani ne a samanta." Ya yi shiru yana kallona, ni kuma cikina sai ƙugi yake don lokacin an riga an sa min rana, in aka sallame ni ban san me zan ce a gida ba. Ƙarshe dai aka tsaya a kan in rubuta abin da na gani in haɗa da bayanin cewa wuta ce ta jawo da matakin da muke ɗauka. Ba zan ce kullum haka ake rabuwa lafiya ba, akwai lokutan da aka yanke hukunci a sama ban ma sani ba sai da safe in ga tanki ya sauka, in yi ta cizon yatsa.

Abin da ya sa abin yake tsaya min a rai, wata Juma'a na hau babur na bi kwatar har inda take faɗawa kogin Challawa. Masu noman rani ne a jere da injinan ban ruwa, ga Fulani sun kawo shanu, ga yara suna wanka can ƙasa kaɗan. Wani manomi ya nuna min ƙafafunsa duk sun tsattsage, yace in ruwan ya zo da kalar nan shukar har ƙonewa take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kurom a ruwan sha kada ya wuce miligiram 0.05 a lita, wanda yake fitowa daga gangar jima kuwa kafin a taɓa shi dubbai ne a lita ɗaya. Haka labarin yake a ɗaya ɓangaren gari, rafin Getsi ya kwaso na Bompai ya haɗu da Jakara da ta kwaso na cikin birni su tafi dam ɗin Wasai, kuma a gefensu ake noman latas da alayyahu da karas ɗin da muke saya da yamma.

A gida kuwa an sha fama. Umma da ta ji ainihin aikin sai da ta yi kwana biyu ba ta ce min likita ba, ƙannena suka koma ce min "gidan kowa da akwai", in na dawo aiki ba na shiga ɗaki sai na yi wanka a banɗakin soro don warin har cikin gashi yake shiga, kuma dole na ware kayan sallah daban a jaka na kayan aiki daban. Abba shi tambayar malamai ya yi min, yace to ruwan in kun gama da shi ya halatta a yi alwala? Nace Abba mu ba don sha ko alwala muke tacewa ba, don a sake shi kogi ba tare da ya yi ɓarna ba ne. Yace ai a fiƙihu launi da ɗanɗano da wari ake dubawa, nace haka ne amma akwai ruwan da za ka gani garau ba wari kuma kurom na ciki, sai na'ura ce take gani. Ya jinjina kai yace to wannan kuma babin cutarwa ne ba babin tsarki ba, kuma shi ma haramun ne. Da aka zo binciken aure wani maƙwabci ya je ya ce wa iyayen yarinyar kwata nake yashewa, sai da Kawu ya tashi takanas ya je ya yi musu bayani, ita kuwa da na gaya mata cewa ta yi in dai zan riƙa wanka kafin in shigo ba ta da matsala. Muna tare yanzu har da 'yarmu, sharaɗin kuma yana nan daram.

Daga baya kamfani ya tura ni wani ɗan gajeren kwas a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, na kuma samu damar ziyartar matatar Wupa a Abuja inda bututu ke kawo ruwan banɗakunan unguwanni a tace a saki. A can na ga irin tankina sak amma ƙato, da mutane masu digiri irin nawa, wasu Kemistiri wasu Bayokemistiri wasu injiniyoyi, har da mata, ba wanda ke jin kunyar aikinsa. Sai na tuna Kano duk girmanta masai da sokawe muke dogara da su, motocin kwasa su zuƙe su tafi, kuma ba kowa ke tambayar ina suke juyewa ba. Kamfanonin lemo da na madara da na taliya da manyan asibitoci da otal-otal duk suna da ruwan da doka ta ce su tace, kuma sau da yawa wanda aka bar wa injin makanike ne ko mai gyaran wuta, ya iya famfo da waya amma in laka ta ƙi kwanciya bai san dalili ba. Ɗaliban da ake turo min koyon aiki abin da nake fara ce musu su koyi awon pH da COD da iskar cikin ruwa da hannunsu, su koyi lissafin tsarma magani, su iya Excel ko yaya ne, su sayi takalmin roba mai dogon wuya, sannan in sun ga dattijo irin Baba su gaishe shi da kyau. Albashin farko ba zai burge kowa ba, ya dai fi na makarantar da na baro, amma wanda ya iya riƙe tanki da rai ba ya daɗewa a zaune, ni kaina sau da dama ana kirana ranar Asabar in je in duba wa wasu nasu a ba ni na cefane.

Abin da ya fi cin raina yanzu lakar kurom ɗin nan ce. Mun cire ta daga ruwa mun shanya ta a fili ta bushe, to sai kuma ina? In ka jibge ta damina ta wanke ta ta koma inda ka hana ta zuwa, in ka ƙona ta kuma mai lamba uku yana iya rikiɗewa ya koma mai lamba shida, ka gudu ba ka tsira ba. Shi ne na yi ta bin oga a kan mu gwada dawo da kurom ɗin cikin aiki, maimakon laim a kwantar da shi da magnisiyam oksaid don lakarsa ta fi tauri ba ta da yawa, a tsiyaye ruwan sama a narkar da ita da asid a mayar ganga a sake jima da ita. Da na yi masa maganar kogi da manoma hamma ya yi, da na kawo masa lissafin buhunan kurom da za a daina saya da dala sai ya gyara zama yace in sake faɗa. An ba mu tsohon tanki ɗaya mun gwada, an haɗa namu da sabo an jeme fatu, mai duba inganci ya juya su ya ja ya tafasa yanki a ruwan zafi bai ga bambanci ba. Yanzu rigimar da muke ciki ta tanki na biyu ce, oga yace sai an ga yadda kasuwar fata ta kaya a bana, Baba kuma ya rantse in ba a canja famfon asid ɗin nan mai yoyo ba shi ba zai ƙara kai hannunsa wajen ba, kuma ina bayansa.